Lamba Tara

Mu biyar ne a gidanmu, kuma dukanmu mata. Akwai Umma, wadda tun rasuwar Baba ba ta ƙara ɗaga murya ba ko a kan kaza. Akwai Gwaggo, yayar Baba, da ta zo zaman makoki ta manta hanyar komawa; ita ke riƙe da makullin sito da na bakin kowa. Akwai Yaya, wadda ta dawo gida bara da akwati biyu da keken ɗinki, bayan jaririnta ya koma tun cibiyarsa ba ta faɗi ba, auren ma bai daɗe ba ya bi bayansa. Akwai 'yarta mai shekara bakwai da muke kira Aku saboda surutu. Sai ni, malamar aji biyu a firamare, wadda Aku ke kira Anti a gida, Malama a aji, kuma ba ta taɓa kuskuren haɗa su ba.

Abinci bai yanke mana ba, sutura ma haka. Abu biyu muka rasa. Na farko, namijin da zai zauna a yi maganar aurena da shi, shi ya sa komai ya koma hannun Gwaggo. Na biyu, muryar Yaya.

Ku masu bin labarin nan da ke turo mini saƙo kuna cewa, "Malama, ki bar kewaye-kewaye, ina labarin mutumin namu mai neman aurenki?" ku ƙara haƙuri. Ni ba na rubuta amsa a allo kafin in rubuta tambaya. In ba ku san Yaya ba, ba za ku gane abin da ya hana ni sakat ba.

Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita da Aku. Gadonta ne a jikin taga, amma tun da ta dawo labulen nan bai ƙara matsawa ba. Riga ɗaya ta riƙe, wata toka-toka da wuyanta ya saki. In na fita makaranta fuskarta na kallon bango, in na dawo nan zan same ta. Keken ɗinkin yana lungu an lulluɓe shi da tsohon zani, har muka fara ɗora masa kwandon wanki.

Gwaggo cewa take, "Son jiki ne kawai. Mu da muka binne uku, wa ya ɗauke mana girki?"

Umma kuwa sai ta yi addu'a a ruwa ta miƙa mata. Ni nawa shayi ne. In ajiye mata a gefen gado, in ce "Yaya, ki daure ki sha," in kwashi littattafan yara in fice. A ganina na yi zumunci.

Sai in faɗa muku wani abu da ban taɓa faɗa ba. Tun muna yara in baƙi suka zo, sai su dubi Yaya su ce, "Masha Allah, wannan ce kyakkyawar." Su juyo kaina su ɗan yi shiru, sannan su ce, "Wannan kuma ita ce mai ƙoƙarin karatun ko?" Yaya doguwa ce, ga wuya, ga gashi, ga wushirya. Ni gajeriya ce mai tabarau. Na girma ina dariyar maganar tare da su, har na ɗauka ba ta zauna mini a ko'ina ba.

Shi kuwa mutumin naku, a makarantarmu muka haɗu. Ya zo ya yi wa malamai bayanin yadda ake gane yaron da damuwa ke ci, amma tambayoyin da ya yi mana sun fi amsoshin da ya ba mu yawa. Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sai ya ɗora da, "Gwaggo, yaya barci? Kina samu isasshe kuwa?"

Yana fita ta tafa hannu. "Ni zai tambaya yadda nake barci? Aurena ya zo nema ko naki?"

Daga ranar sunansa ya zama Mai Tambaya.

Aikinsa bincike ne a wata cibiyar lafiya. Ya bayyana mini shi dalla-dalla, don ya san ina son abu a tsare. Mata ne masu ciwon damuwa, yawanci bayan haihuwa ko rashi. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, don haka suna gwada wata hanya mai sauƙi su ga ko tana aiki: matan su zauna tare sau ɗaya a mako su yi magana, sannan kowacce ta tafi da ɗan aikin gida. Ba babba ba. Abu ɗaya da take so kafin ciwon ya kwantar da ita. Wata ban ruwan shuka, wata share ƙofar ɗaki, wata kitson 'yarta. In ta yi sai ta ɗauki hoto ta tura wa wayar aiki.

Na ce, "Ashe kai ma malamin firamare ne. Kana ba da maki?"

Ya ce, "A ajina ba a faɗuwa. Wadda ta kasa, sai mu rage mata aikin."

Waya biyu yake yawo da su. Tasa baƙa ce. Ta aikin tana da ɗaurin roba ruwan ɗorawa, kuma duk inda ya zauna kife ta yake yi. Babu suna a cikinta sai lambobi. Akwai kuma wata doka da ta ba ni dariya ranar da ya faɗa mini: in ya haɗu da ɗaya daga cikin matan a kasuwa ko a titi, ba ya fara gaishe ta. Sai in ita ta ga dama ta fara. Don kar na kusa da ita ya ce, ina kika san wannan?

Na ce, "Wato ana biyanka albashi don ka ƙi gaida mutane."

Ya ce, "Ana biyana don in rufa asiri. Gaisuwa ma takan tona."

Komai na tafiya daidai. Har ya ce mini kawunsa ya shirya, rana kawai za a sa su zo. Sai ga wata Asabar.

Muna falo da la'asar, ina sanye da doguwar rigata shuɗiya da farin mayafi, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da hedimasta mai tausayi. Na miƙe zan ɗauko shayi ke nan sai labulen ƙofa ya ɗaga. Yaya ce riƙe da tire. Yaya da ba ta taka falon nan ba tun bara. Ta ɗaura ɗankwali sosai, ta wanke fuska, har da ɗan kwalli.

Tana ganinsa kofunan suka yi ƙara a kan tiren.

Shi kuwa, mutumin da ke gaida kyanwar maƙwabta, ya dube ta sau ɗaya ya mai da idonsa kan tebur. Ko uffan. Fanka kawai ke magana a falon.

Can Yaya ta ce, "Ina wuni."

"Lafiya lau. Sannu da aiki."

Ta dire tiren ta fita kamar ta bar madara a wuta. Na ce, "Yayata ce, wadda nake ba ka labari."

Ya ce, "Allah Sarki." Sannan ya zuba sukari cokali uku a shayinsa. Mutumin da ba ya shan sukari.

Na san masu kaifin kai a cikinku sun riga sun ɗaga hannu. Ku sauke, na gan ku. Ni dai a lokacin ban tuna wata doka ba. Abin da na gani shi ne namiji ya ga Yaya ya ruɗe, kuma wannan ba sabon abu ba ne a idona.

Tun daga ranar maganar kawu ta fara ja da baya. Na tura masa saƙo: "Gwaggo na tambayar rana."

Ya amsa: "Ki ɗan ƙara mini lokaci. Akwai maganar da na kai gaban shugabarmu, ina jiran amsa."

"Shugabarku ce za ta ɗaura auren?"

Ya turo fuskar nan mai dariya da gumi a goshi. Ban mayar masa ba.

Gwaggo kuwa ta samu abin yi. Akwai ɗan ƙawarta mai kantin taya da ta daɗe tana tallata mini. "Shi ba ya tambaya," in ji ta, "ba shi amsa ake yi. Ki gaya wa Mai Tambayarki, in Juma'ar ƙarshen watan nan ta wuce ban ga manyansa ba, na rufe wannan littafin. Ba za a mayar mana da falo tashar mota ba."

A daidai wannan lokacin ne na fara lura da Yaya da wani irin ido. Duk Talata tana fita da hantsi, wai karɓar maganin ciwon kai. Da, jan ƙafa take yi ta tafi cikin rigar tokar nan. Yanzu sai ta yi guga. Ta ari turarena ba ta tambaya ba. Labulen taga ya fara buɗewa rabi. Na dawo wata rana na ga an sauke kwandon wanki daga kan keke, ga ƙanshin man keke a ɗakin, ga guntayen koren zare a ƙasa. Har na ji ta tana yi wa Aku dariya a banɗaki, dariyar nan tata mai fito da wushirya.

Umma ta ce, "Alhamdu lillahi, addu'a ta karɓu." Ya kamata in yi murna. Wallahi na yi ƙoƙari. Amma duk sanda ta duba wayarta ta yi murmushi, sai in ji kamar na haɗiyi alli.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo. Da aka kira sallah ya fita masallaci ya bar wayoyinsa a kan tebur. Mai robar ta yi ƙugi. Ta sake yi. Ni da nake koya wa yara cewa ba a buɗe jakar wani, na sa yatsa ɗaya na juya ta.

A kulle take, amma saƙon ya fito a fuska da ɗan ƙaramin hoto. Wuyan riga ne, kore shar, an bi gefensa da farin zare kamar ganyen zogale. A ƙasa an rubuta: "Na gama wuyan. Kai kaɗai na nuna wa." Sunan mai turowa: Lamba Tara.

Ba rigar ce ta tsayar mini da numfashi ba. Zanen gadon da aka shimfiɗa ta a kai ne. Fari mai ɗigon shuɗi, da ƙonuwar dutsen guga a gefe. Ni na ƙona shi da hannuna.

A nan na tuna dokar gaisuwa. A nan na gane ciwon kan Talata. Kuna zaton sai zuciyata ta yi sanyi? Ƙara ruruwa ta yi. Wato duk mako tana zaune a gabansa, yana saurarenta da kunnen nan nasa da ba ya katse mutum. Wato ya san kukanta, ya san abin da ke hana ta barci, ya san har launin zaren da take so. To in ma majinyaciyarsa ce, an hana zuciya son majinyaci ne? Ana cewa kishi kumallon mata ne. Ban taɓa zaton a kan 'yar'uwata nawa zai taso ba.

Ya dawo ya ga wayar fuska sama. Ya kife ta a hankali, ya zauna.

Na ce, "Wace ce Lamba Tara?"

"Malama."

"Tambaya ɗaya na yi. Kai da ke yi wa mutane ɗari."

"Ba zan ce na san ta ba, ba zan ce ban san ta ba."

"Zanen gadonmu ne a hoton."

Ya cire tabaransa ya murza ido. "Ba laifinki ba ne kaɗai. Ni ya kamata in sa ta a aljihu."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Saboda ita ka dakatar da kawunka?"

Ya mayar da tabaransa. "In na buɗe baki sau ɗaya saboda ina son ki, babu macen da za ta ƙara yarda da ni a ɗakin can. Ke ma wata rana za ki daina. Ajiya aka ba ni. Ba tawa ba ce balle in ba ki."

"Kai kaɗai ta nuna wa."

"Ban ce komai ba."

"Ai shi ne matsalar. Gwaggo ta ce Juma'a."

"Na sani. Ina roƙon ki abu ɗaya. Abin da kika gani, ki bar shi a inda kika gan shi."

Na raka shi ƙofa ban ce a sauka lafiya ba. Ya turo saƙo daga baya: "Ke nake so. Wannan kam nawa ne, zan iya faɗa." Na karanta ya fi a ƙirga, amma kowane karatu sai ɗayan saƙon ya hau kansa.

Washegari Yaya na wanka na buɗe ƙasan akwatinta. Ga rigar nan a naɗe cikin tawul. Na ɗaga ta a jikina gaban madubi. Ta wuce ƙafata ta kwanta a ƙasa. Tsawon Yaya ne, kafaɗar Yaya ce. Ɗinki ne irin wanda ake yi a hankali, a warware a sake, don wani ido na musamman. Saura hannu ɗaya da kalmasa. Na tambayi kaina, macen da ta shekara a riga ɗaya, wa take wa wannan? Na naɗe na mayar.

Da rana muna cin abinci a tsakar gida, dukanmu har da Yaya, wadda ta fara zama cikinmu kwanan nan. Gwaggo ta nuna ni da cokali.

"Ke, ya muke ciki da Mai Tambaya? Ko har yanzu yana binciken hanyar gidanmu?"

Aku ta yi dariya. Yaya ma ta murmusa, ta sunkuyar da kai. Murmushin nan ne ya kwance mini baki.

Na ce, "Ki tambayi Yaya. Ita ke ganinsa duk Talata."

Magana zarar bunu. Ina jin ta fita na so in kamo ta, amma ina.

Gwaggo ta ajiye cokali. "Ganinsa a ina?"

Yaya ta dube ni. Ba harara ba ce, ba kuka ba ne. Kallon da yaro ke yi wa malama ne in ta karanta takardarsa a gaban aji.

Ta ce, "A wurin aikinsu, Gwaggo. Ba ni kaɗai ba ce, mu da yawa ne. Tun kafin in san yana zuwa gidan nan. Magani nake nema."

"Maganin me? Ina ke miki ciwo? Nuna mini da yatsa."

Yaya ta mai da idonta kan kwanonta.

"Kin gani! Ba ki iya nunawa. Wato ki bar gidan ubanki ki je ki zauna cikin masu taɓin hankali, kina zazzage wa saurayin ƙanwarki cikinki? Gobe a ce zuriyarmu akwai hauka, wa zai ƙara leƙo mu? Ita kanta wannan wa zai ɗauka?"

Umma ta ce wa Gwaggo a hankali, "Ai kuwa ta samu sauƙi tun da ta fara..."

"Addu'arki ce, ke kika faɗa da bakinki. Daga yau ba Talata ba Laraba. In ciwon kai ne, ga kantin magani nan a bakin layi."

Yaya ta tashi ta wanke hannu. Kafin la'asar labulen ya koma yadda yake, an mayar wa keke zaninsa. Ita da kanta ta ɗora kwandon wankin.

Zan so in ce muku nadama ce ta cika ni nan take. Rabi ne. Ɗaya rabin, Allah ya yafe mini, cewa yake: to yanzu sai mu ga wa zai nuna wa wuyan riga.

Yau Talata. Na fita na bar ta tana kallon bango cikin rigar toka. Kan Aku ba a gyara ba, ni na tufke mata shi a gaggauce, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

A aji na rubuta sanarwa a allo da manyan baƙaƙe, na ce kowa ya kwafa: ranar iyaye mako mai zuwa, kowane yaro ya zo da babansa ko mamarsa su ga aikinsa. Ina zagayawa ina duba rubutu na iso bencin Aku. Ba ta rubuta komai ba. Ta kife fensirinta.

"Ina naki?"

"Na gaji, Malama."

Ban matsa mata ba. Bara a irin wannan ranar kowane yaro na riƙe da hannun wani, ita tana zaune a bencinta ita kaɗai. Da na gama da iyayen mutane na zo na zauna kusa da ita na ce ai ga ni. Ta ce, "Ke Malama ce."

Da aka tashi muka kamo hanya. Sai da muka wuce mai gyaran takalmi, inda a lissafinta makaranta ke ƙarewa gida ya fara, sannan ta ce, "Anti."

"Na'am."

"Hannu ɗaya ya rage."

"Hannun me?"

"Na rigar. Koriyar. Mama ta ce kar in gaya wa kowa, wai in ta kasa gamawa kar a yi mata dariya. Ni ma ban gan ta ba, zaren kawai na gani." Ta shuri wani dutse. "Da ita za ta zo ajinmu. Ta ce a wurin Talata an tambaye ta me take so ta iya, ta ce tana so ta shigo ajinmu ta zauna a bencina. Aka ce to a fara da kaɗan-kaɗan. Da farko labule. Sai wanka da safe. Sai ta kai wa baƙo shayi. Sai riga."

Sai ta kai wa baƙo shayi.

Na tsaya cak a gefen titi, mai keke ya yi mini ƙararrawa ya kauce. Ni na rubuta sanarwar nan a allo da hannuna. Ni nake kwana taku biyu daga gadonta. Shekara guda ina ajiye mata shayi ina ficewa, ban taɓa tambayarta me take so ta iya ba. Wani can ya tambaya, ta gaya masa.

Kar ku ɗauka kishin ya mutu a nan. Gida kawai ya sake. Da ina kishin ta samu kunnensa. Yanzu har da kishin shi ya samu bakinta.

Muka shiga ɗaki. Duhu, ga shayin safe ya yi fata a kofi. Yaya na nan yadda na bar ta. Ina ajiye jaka wayarta ta fara ruri a kan akwati. Ba ta motsa ba. Na leƙa. Sunan da ta sa wa lambar kalma ɗaya ce: Talata.

Na san abin da ya dace. Amma hannuna ya riga hankalina. Na ɗaga na kara a kunne, ban yi magana ba.

"Salamu alaikum. Ba mu gan ki ba yau, 'yan'uwanki suna ta tambaya."

Muryarsa ce, amma ba wadda na sani ba. Wannan a kwance take, a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ni bai taɓa yi mini magana haka ba. Ni zolaya yake yi mini, da gardama, da dariya.

"Ba laifi ba ne in an koma baya, kowa na komawa. Ba sai kin ce komai ba. In yau ba za ki iya komai ba, labulen kawai ya isa. Akwai kuma maganar da nake so mu yi, game da wadda za ta ci gaba da zama da ku a madadina. Kina jina?"

A madadinsa. Wato amsar shugabar ta zo. Ban san ko saboda ni ya nemi a canja shi ba, ko saboda abin da yake tsoron zuciyarsa ta yi in ya ci gaba da zama a ɗakin. Kuma na san ko na tambaya ba zai faɗa ba.

Aku ta ja gefen mayafina ta ce da ƙarfi, "Anti, ki ba ta. Ba ke ake kira ba."

Sannan ya ce, da ɗaya muryar, wadda na sani, amma babu ko ɗigon dariya a cikinta:

"Malama? Ke ce?"

Gadon ya motsa. Yaya ta juyo daga bango, ta dubi fuskata, ta dubi wayarta a kunnena. Ga shi a layi yana jira, ga ta tana jira, ga Juma'ar Gwaggo na tafe. Ni da ke da amsar kowace tambaya a aji, na tsaya da baki a buɗe.

Aku ba ta jira kowa ba. Ta cire takalmin makaranta, ta taka gadon uwarta, ta kama labulen da hannu biyu ta ja shi har ƙarshe. Haske ya zubo a kan rigar toka, da keken da ke lulluɓe, da ni.

Ita ba ta san bincike ba, ba ta san dokar gaisuwa ba, ba ta san abin da ke cin Antinta ba. Abin da ta gane shi ne, in an koma baya daga labule ake sake farawa, kuma saura hannu ɗaya uwarta ta zo ta zauna a bencinta.